Taurarin da Muka Sauke daga Bango

Duk shekara ana turo mini matasa nan Bawku, waɗanda suka gama jami'a suka zo bautar ƙasa, a ce in nuna musu aikinmu. Kusan kullum tambayarsu ta farko ɗaya ce: "Malam Mutaru, wai aikin ke nan? A hau babur, a zauna a bayan aji, a sha inuwa, a koma gida?" Ba na jin haushinsu, don daga nesa haka yake. Mu ba yara muke koyarwa ba, malamai muke taimaka wa. An horar da su a kan sabuwar hanyar koyar da karatu da ta riƙe aji ba tare da bulala ba, mu kuma sai mu bi su makaranta makaranta mu ga ko hanyar ta zauna. In ba ta zauna ba, mu nemi dalili tare da su. Don ku masu shigowa na rubuta wannan. Ban ce na iya aikin ba. Na dai daɗe a cikinsa, kuma na ga wasu abubuwan da ba a faɗa a wurin horo.

Ku fara da duba jakata. Akwai murafen kwalba cike da leda, kowanne da harafi ɗaya da na rubuta da fenti, don yaro ya jera su a ƙasa ya haɗa kalma da hannunsa. Akwai ƙananan littattafai, da alli, da rigar ruwa saboda hanya. Akwai kuma wani ɗan kwali da bai fi tafin hannu ba, wanda a ganina ya fi sauran amfani. Da shi nake rufe hoton da ke shafi. Yaranmu suna da ƙarfin hadda. Aji zai karanta maka shafi gaba ɗaya da murya ɗaya har ka ji daɗi, amma ka ware yaro guda, ka rufe hoton, ka nuna masa kalmar ƙarshe ka ce ya faro daga nan, sai ka ga idonsa ya koma rufin ɗaki. Wannan ba laifin yaron ba ne, kuma sau da yawa ba na malamin ba ne. Shi ne dai dalilin zuwanmu.

A Yendi na koyi aikin, a hannun wata mata da muke kira Madam Azara. Aikin farko da na bi ta, wani dattijon malami ne a aji biyu. Muka zauna a bencin yara can baya, gwiwoyina har ƙirji. Da aka tashi muka fita ƙarƙashin bishiya, kafin malamin ya iso ta tambaye ni, "Gyara nawa ka gani?"

Na ce, "Da dama, Madam."

Ta ce, "Zaɓi ɗaya. Sauran ka haɗiye, ba za su kashe ka ba."

A wurinta na koyi cewa ba a yi wa malami gyara a gaban ɗalibansa, ba a kuma yi masa a ofishin hedimasta. Na koyi kashe babur tun daga nesa in tura shi da hannu, don akwai malamin da in ya ji ƙarar injinka, bulala za ta fita ta taga, a yi maka darasi na biki, ka tafi ba ka ga komai ba. Akwai wanda zai ce maka "to, to, Ofisa" har ka gama, gobe ya koma yadda yake. Waɗannan duk ana iya zama da su. Wanda na fi jin tsoro a kansa, ko da yake zai ba ku mamaki, shi ne malamin da ya ɗauki duk abin da aka koya masa ya aikata shi daidai, bai rage ko ɗigo ba.

Irin wannan ce Malama Rukayya, kuma a ajinta na gamu da shekarar da ta fi kowace wuya a aikina. A Salaga ne, wata makarantar firamare a gefen unguwar zango. Karatu da Turanci da Gwanjanci ake yi, amma tsawa da lallashi duk da Hausa. Rukayya matashiya ce, 'yar zangon Kumasi, wannan ne wurin aikinta na farko, aji uku aka ba ta. Tsarin da muke bi a lokacin mai sauƙi ne: yaro ya yi abin kirki, ka faɗi sunansa da ƙarfi nan take, ka faɗi abin da ya yi, aji ya tafa masa, a zana masa tauraro a gaban sunansa a jikin kwalin da ke bango. Na ga tsarin ya yi aiki a makarantu da yawa, kuma har yau ban ce ba shi da kyau ba. A ajin Rukayya ya yi aiki fiye da ko'ina. In ka wuce ta bayan tagarta sai ka ji tafi kamar ana suna.

A cikin ajin akwai wata yarinya shiru-shiru, Hamdiya, wadda ta shigo aji uku ba ta rarrabe haruffa. Muka sa ta a ƙaramin rukunin da ke zama da murafen kwalba a gindin darbejiya lokacin da sauran ke rubutu. Ta daɗe ba motsi. Sai wata rana abin ya buɗe mata, kamar yadda yakan yi wa wasu yaran, ban kuma san dalilin da ya sa yake zuwa haka ba. Ta fara haɗa kalma, ta koma jimla, ta shiga neman littafi da kanta. Rukayya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Layin taurarin Hamdiya ya kai bakin kwali ya wuce, har sai da ta liƙa wani guntun kwali a gefe don ya ci gaba.

Ranar da aka gayyaci iyaye su ga aikin 'ya'yansu, ina wurin. Mata suka cika bayan aji da bakin tagogi. Rukayya ta ɗora Hamdiya a kan benci don kowa ya gan ta, ta ba ta littafi. Yarinya ta karanta shafi guda ba tuntuɓe. Aka yi tafi. Wata mata daga taga ta ce, "Kai! Wannan kanta na manya ne! Ta wuce 'ya'yanmu kaf!" Wata ta ce, "Dubi layinta a bango, har ya fita waje." Na tuna na ji wani abu ya ɗan tsaya mini, don babu wanda ya ce tubarkalla, ko mutum ɗaya. Ni da Rukayya duka mun taso mun san maganar kambun baka, wato yabon da ake cewa yana kama yaro ya kwantar da shi. Ina jin dukanmu mun ɗauka magana ce ta cikin gida, ba za ta biyo mu har cikin aji ba.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da Hamdiya. Damina ce. Asibiti suka ce na sauro ne, kuma ni na yarda da su. Ta jigata, ta warke, amma ba ta dawo makaranta ba. A hannun kakarta take, Hajiya Memuna, babbar 'yar kasuwar doya, daga tsofaffin gidajen garin da kakanninsu suka yi fataucin goro. Hajiya ba ta zo ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai ce baki ne ya kama jikarta, kuma a makaranta aka miƙa ta ga bakin. Maganar irin wannan mata ba ta kwana a gida ɗaya.

Zuwana na gaba, tun daga inda na kashe babur na san akwai matsala, don hayaniya nake ji maimakon tafi. Na shiga na zauna a baya. Kwalin bango ya yi dabbare-dabbare, yara sun bi taurarinsu da yawu da yatsa sun goge. Rukayya ta yi tambaya, babu hannu ko ɗaya a sama. Wani yaro ya manta ya ba da amsa daidai, ta buɗe baki za ta yabe shi, sai ya fashe da kuka yana cewa, "Madam, don Allah kada ki faɗi sunana, Mma ta hana!" Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda na lura da shi daga baya. Yaran da na sani masu natsuwa su ne ke jifa da takarda, suna tsokanar na kusa da su. Da gangan suke yi. Sun gano cewa wanda ya yi rashin ji ba ya samun tauraro, wanda bai sami tauraro ba kuwa ya tsira. Tsarin da muka kawo don gyara hali ya juyo yana koya musu ɓarna, kuma yana koyarwa da kyau.

Hedimastan, Masta Iddi, ya kira ni ofishinsa. Bagwanje ne, dattijo mai son makarantarsa, Hausarsa ta kasuwa ce. Bai ko bari na zauna ba.

"Ofisa, ka gani da idonka? Yarinya ya tafi. Uwaye ya yi fushi, wasu ya ce zai kwashe yara ya kai wani sukul. Aji ya lalace." Ya buɗe kabad ya nuna mini. "Bulala yana nan. Bai mutu ba, barci yake yi."

Na ce, "Masta, ka san an hana."

"An hana, an hana. Wanda ya hana yana Accra, ni ina nan da Hajiya Memuna." Ya rufe kabad ɗin. "Ka ji magana ɗaya. Kafin mu tafi hutu, in yarinyan nan bai dawo ba, zan gaya ma ofis su ɗauke Madam Rukayya su kai shi wani wuri. Ajin in ba wanda ya san hannu. Ba na ƙin shi, yana da ƙoƙari. Amma sukul ba na shi kaɗai ba ne."

Hutun kuwa ya kusa. Na sami Rukayya a gindin darbejiya tana tattara murafen kwalba da babu wanda ya taɓa su.

Ta ce, "Malam, me na yi ban da abin da aka koya mini?"

Na ce, "A iya sanina, babu."

"To ka gaya musu mana. Ka gaya wa Masta, ka gaya wa tsohuwar. Sauro ne, kowa ya sani."

Na ce mata ina ganin faɗin hakan ba zai dawo da yarinya ba, ko da gaskiya ne. Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa mutumin da bai da amfani, ta ci gaba da tsince murafenta. A wannan aikin za a yi muku irin wannan kallon, ku shirya masa.

Na buga wa Madam Azara waya, lokacin an mayar da ita babban ofis a Tamale. Na ba ta labari, na ce ina tunanin a sauke kwalin, a daina kiran suna, amma ban tabbata ina da ikon yin haka ba.

Ta ce, "Ba ka da shi. Masu duba aiki in sun zo ba su ga kwali a bango ba, za su ce makarantar ba ta bin tsari, kuma kai ne mai kula da makarantar. Ba zan iya tare maka ba." Sannan ta ce, "Mutaru, me ake nema da tauraron nan?"

Na ce, "Yaro ya san an gan shi a lokacin da ya yi daidai, ya kuma san abin da ya yi."

"To wannan kada ka taɓa shi. Sauran kai ka sani, kai ke wurin."

Kasuwar doya na je neman Hajiya. Zuwan farko ta amsa gaisuwata, ta nuna mini benci, ta juya ga motar da ake saukewa daga Kpandai. Na zauna har rana ta take, tana ta daka wa masu dako tsawa, tana ƙwanƙwasa doya da yatsa tana warewa, ba ta sake dubana ba. Na yi mata sallama na tafi. Zuwa na biyu ne ta yi mini magana, ba tare da ta daina aiki ba.

"Kai ne mai taurari?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ɗan wa ne kai?"

Na faɗi gidanmu. Ta ce ta san wani kawuna, mutumin kirki ne, ba ta san yadda aka yi aka samu irina a gidan ba. Masu dako suka yi dariya, ni ma na yi, don ba ni da zaɓi.

Ta ce, "Kun ɗora mini yarinya a kan benci kamar doyar talla. Kowace mace ta zo ta auna ta da ido, ta gwada ta da nata ɗan. Kai in an haifa maka ɗa, haka za ka kai shi bakin titi ka ce a zo a gani?"

Na ce, "Hajiya, ba da mugun nufi aka yi ba. Malamar son yarinyar take yi."

"Na ce maka ƙinta take yi? Ai mai so ya fi saurin kamawa." Ta jefa wata doya gefe. "Na ga bakinka yana motsi. Sauro kake so ka ce. Faɗi."

Na ce, "Asibiti haka suka ce."

"Ni na kai ta asibitin, ɗana. Ni na zauna da ita har aka cire mata ruwa. Na san sauro tun ba a haifi uwarka ba. Sauro ya ciji yaran unguwa duka. Me ya sa ita ce ta kwanta, kuma a wancan makon?"

Ina da amsa, irin ta makaranta, amma na ga ko na faɗe ta na ci gardama, yarinya tana nan a rumfa. Don kuwa tana nan. A bayan tarin doya na hango Hamdiya a zaune, ta rame, ta zuba wa rubutun da ke jikin motar Kpandai ido, leɓunanta suna motsi a hankali. Wata mai tuya ta kawo wa Hajiya soyayyar doya a takarda. Hajiya ta zaɓi wadda ta fi kyau, ta miƙa ta baya ko waiwaye babu, ta ce, "Ke mummuna, karɓi, kin zauna kin buɗe baki kamar ƙofar gareji." Yarinya ta karɓa tana murmushi. Ban ce na fahimci komai a lokacin ba, amma na ga yarinyar ta san sarai abin da aka gaya mata.

Na ce, "Hajiya, idan ba a kira sunanta ba fa? Ba tafi, ba rubutu a bango, ba benci. A koya mata kawai."

Ta yi tsaki. "Kun iya? Bakin 'yan boko ba ya rufuwa. Abu kaɗan sai kun yi shela."

"Ki zo ki gani da idonki. In kin ji abin da bai yi miki ba, ki kama hannunta ku fita, ba zan sake zuwa in dame ki ba."

Ta ƙwanƙwasa wata doya ta ware ta gefe. Ta ce, "Zan zo."

"Wace rana, Hajiya?"

"In gaya maka don ku share gida? Ranar da ka gan ni, ita ce ranar."

Aikin da ya biyo baya shi ne ainihin sana'armu, kuma babu mai ganinsa. Bayan an tashi yara, sai in zauna a benci in zama ɗalibi, Rukayya ta koyar da ni. Da farko ba ta so. Ta ce an mayar da ita kamar mai laifi, kuma ban ga abin da zan musa mata ba. Amma ta tsaya. Wahalar ita ce yabon ya riga ya zauna mata a jiki. In na karanta kalma daidai, kafin ta yi tunani hannunta ya tashi, bakinta ya ce, "Ku tafa wa..." sai ta dafe kai. Muka yi ta maimaitawa, rana bayan rana. Ita ce ta kawo dabarar murfin kwalba. Ta ce tunda suna nan birjik, in yaro ya yi daidai za ta bi ta gefensa ta ajiye masa murfi a hannu, ta sunkuya ta faɗa masa abin da ya yi yadda shi kaɗai zai ji, ta ƙara da tubarkalla, ta wuce. In an tashi, kowa ya zuba nasa a gwangwani ɗaya, ba a san na wane ba. Ranar da gwangwani ya cika, aji duka a ba su labari ko a fita wasa. Na ce ina jin zai yi, ko da yake ban taɓa ganin an gwada ba.

Ta sauke kwalin da hannunta a gaban yara, ta naɗe shi. Ba su yarda nan da nan ba. Yaron da aka fara ba murfi ya ture shi ƙasa kamar garwashi. Hayaniya ta ragu kaɗan kaɗan, amma ba ta ƙare ba. Wata rana faɗa ya kaure tsakanin yara biyu, Masta Iddi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya a bayansa. Na san abin da ke hannun. Rukayya ta raba su, ta zaunar da kowa a kusurwarsa. Masta ya dube ni ya ce, "Ofisa, hutu yana zuwa fa." Ya juya.

Kullum da safe ina Salaga a wannan lokacin, na bar sauran makarantuna suna jira, abin da ban ba ku shawarar ku yi ba. Kullum idona yana kan hanya. Har aka shiga makon ƙarshe babu Hajiya. Na fara tunanin ko dai ta faɗa ne don ta rabu da ni.

Ana tsakiyar darasin karatu ta shigo, ba sallamar kirki, Hamdiya a bayanta da tsohuwar rigar makaranta da ta yi mata yawa. Aji ya yi tsit. Hajiya ta dubi bango, ta ga tabon inda kwali yake a da. Ta zo ta zauna kusa da ni a bencin yara, bencin ya yi ƙara. Masta ya taso daga ofis ya tsaya a taga.

Rukayya ba ta ce "ga Hamdiya ta dawo" ba, ko da yake na ga maganar ta zo mata har wuya. Ta nuna mata wuri a rukuninta da hannu kawai, ta ci gaba. Ta bi yara ɗaya bayan ɗaya, kowa da layinsa. Da ta iso kan Hamdiya ta buɗe mata shafi, ta rufe hoton da ɗan kwali, ta sa yatsa a kalmar farko.

Yarinya ta yi shiru. Ta waiwayo ta dubi kakarta. Shirun ya yi tsawo har na fara jin motsin awaki a waje. Na ce a raina ko ciwon ya tafi da abin, yakan faru. Rukayya ba ta matsa mata ba, ba ta kuma ɗauke yatsa ba.

Sai muryar ta fito, ƙasa ƙasa. Kalma ɗaya. Ta tsaya, ta haɗa ta biyu harafi harafi. Ta uku ta zo da sauƙi. Daga nan ta bi layin har ƙarshe, ta sauka na ƙasa ba wanda ya ce mata, ta gama shafin.

Yarinyar da ke gefenta ta ɗaga hannuwa za ta tafa. Na ga na Rukayya ma sun tashi, sun buɗe, har sun kusa haɗuwa. Hajiya ta ɗan gyara zama a gefena. Rukayya ta kai hannuwan ga ɗankwalinta ta gyara ɗaurin da babu abin da ya same shi, ta girgiza wa ɗaya yarinyar kai kaɗan. Ta sa hannu a aljihu, ta ajiye murfi a tafin Hamdiya, ta sunkuya ta faɗi abin da ni ma ban ji ba. Ta juya ga yaro na gaba ta ce, "Kai kuma, daga nan."

Hajiya ta zauna har aka gama darasin. Ta miƙe da ƙyar tana dafa kafaɗata, ta je gaban aji. Ta dubi jikarta ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wannan ne karatun da ake ta surutu a kai? Kamar akuya tana tauna leda." Yara suka kwashe da dariya, Hamdiya ta sunkuyar da kai tana dariya ita ma, hannunta a dunƙule a kan murfin.

A bakin ƙofa Hajiya ta tsaya gaban Rukayya. Ta ce, "'Yata, gobe ma za ta zo. Amma kada in ji labarinta. Ko a kasuwa, ko a masallaci, ko a bakin wannan mai baburin."

Rukayya ta ɗan rusuna ta ce, "In sha Allahu ba za ki ji ba, Hajiya."

Masta Iddi ya bar taga ya koma ofis. Bai kai maganar Rukayya ko'ina ba, ta ci gaba da riƙe ajinta. Masu duba aiki kuwa sun zo bayan hutu, ba su ga kwali ba, kuma sai da na je Tamale na yi bayani. Ban sani ba ko sun gamsu. Sun dai saurare ni, wani daga cikinsu ya ce in daina sauya tsari ba izini, kuma ina ganin yana da hujjarsa.

Kada ku ɗauki wannan ku je kuna yage kwalaye a bangon mutane. Nan Bawku da wajen Binduri akwai makarantun da taurari ke nan a bango, iyaye suna zuwa suna nuna na 'ya'yansu da alfahari, ba abin da ya faru. Abin da nake roƙonku kaɗan ne. In kun sauka a gari, kafin ku buɗe jaka, ku zauna a inda mata ke zama ku ji yadda ake yabon yaro a wurin, da yadda ba a yi. Wataƙila ba za ku buƙaci abin da kuka ji ba. Wataƙila kuma wata malama ce za ta rasa ajinta a kansa.

Matasan da na ba wannan labari sukan tambaye ni inda yarinyar take yanzu, ko ta yi nisa a karatu. Na sani, don ina bin Salaga lokaci lokaci. Amma sunan da na ba ku ma ba nata ba ne, na kakarta ma haka, kuma tsohuwar tana nan da ranta da kunnuwanta. Yarinya tana lafiya, tubarkalla. Iyakar abin da za ku ji daga bakina ke nan.